Aikin sauya Windows a kwamfutocin ofishinmu na Kaduna

Litinin, 25 ga Agusta, 2025

Alhaji ya sa hannu a takardar neman sauya Windows da na kai masa, don haka aiki ya kankama. Ranar 14 ga Oktoba Microsoft za ta daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, mu kuwa kwamfutocinmu 23 duk shi ne a kansu: 15 a babban ofis da ke bayan titin Ahmadu Bello, 4 a sitonmu na Kawo, 4 a reshen Zariya. Ba wai za su daina aiki ranar ba ne. Abin da ke akwai shi ne duk ɓarakar da aka gano daga baya haka za ta zauna a buɗe, alhali a cikinsu ne lissafin dillalan taki da iri da maganin feshi yake, har da bayanan asusunmu na banki.

Burina filashi ne amintacce wanda yaron da ke koyon aiki a wurina zai iya sawa a aljihu, ya hau mota zuwa Zariya, ya girka Windows 11 ya dawo ba tare da ya yi ta kirana a waya ba. Idan sai ina tsaye a kai filashin zai yi aiki, to ban gama ba.

Laraba, 27 ga Agusta

Ƙidaya da tantancewa. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta), da UEFI (sabon tsarin tada kwamfuta) mai iya Secure Boot (kariya a lokacin tashi), da ram 4GB, da faifan ajiya 64GB. Furosesa kuma in Intel ce sai zubi na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000. Da muka bi su da PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba waɗannan sharuɗɗan, 8 kaɗai suka haye. Ban yarda da wannan adadi ba, don na san akwai ƴan zubi na 8 da na 9 a cikin waɗanda aka kayar.

Muka koma muna buɗe msinfo32 da tpm.msc ɗaya bayan ɗaya. Ashe guda 6 lafiyarsu ƙalau, saiti ne kawai ya hana su. Wasu an kashe musu TPM a cikin BIOS, wato saitin da ke tada kwamfuta kafin Windows, inda Intel ke kiransa PTT. Wasu kuma wanda ya taɓa yi musu fomatin ya bar su a tsohon tsarin Legacy da faifan MBR. Tunda girkawa za mu yi daga tushe, wannan ba zai hana komai ba, za a juya su zuwa UEFI da GPT a lokacin.

Ga yadda lissafi ya tsaya: 14 za su karɓi Windows 11, 9 ba za su karɓa ba. Daga cikin taran, 5 ƴan zubi na 6 da na 7 ne, 4 kuma tsofaffi ne sosai, zubi na 3 da na 4. Kowace kwamfuta mun manna mata farin tef a gefe, mun rubuta lamba da maka, da madannin da ke buɗe jerin butin: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Alhamis, 28 ga Agusta

Sauke fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan girkawa, na Windows 11 bugun 24H2 daga shafin Microsoft, ya haura 5GB. Da rana intanet ɗin ofis ba ya motsi, sai na bar shi yana saukowa bayan an tashi.

Juma'a, 29 ga Agusta

Da safe fayil ya nuna ya kammala. Kafin in taɓa shi na buɗe PowerShell na sa Get-FileHash, na kwatanta lambar SHA256, wadda ke nuna ko fayil ya zo cikakke, da wadda ke shafin saukewa. Ba su yi daidai ba. Da daddare an yi ruwa mai ƙarfi da iska, ina kyautata zaton a nan layi ya riƙa yankewa. Yaron ya ce, "Oga, ai girman fayil ɗin ya yi kama da daidai, mu gwada mana." Na ce masa irin wannan ne ke kai mutum har tsakiyar girkawa, bayan an riga an goge faifai, sannan ya tsaya ya ce wani fayil ya lalace. Duba lambar ba ya cin minti uku. Na goge, bayan an sauko daga Juma'a na sake saukewa a gida da wani layin. Wannan karon lamba ta zo ɗaya.

Data zuwa yau: naira 12,000.

Litinin, 1 ga Satumba

Yau filashi ne ya cinye mana yini. Direban ofis ya sayo guda biyu a kasuwa, an rubuta 64GB a jikin kowanne, naira 4,500 ɗaya. Arahar ta sa na tsargu, shi ya sa kafin komai na sa musu H2testw, manhajar da ke cika filashi da bayanai har baki sannan ta dawo ta karanta ko abin da ta rubuta yana nan. Na farko ya riƙe abin da bai kai 8GB ba, sauran duk ya zube. Na biyu ma haka. Kwamfuta tana nuna 64GB saboda an sauya abin da filashin ke faɗa game da kansa, kamar buhun takin da aka cika ƙasansa da yashi. Abin tsoron shi ne za ka kwafa fayil ka ga sunansa da girmansa a jere lafiya lau, sai ranar buƙata ka tarar babu komai a ciki. Na tuna Hajiya akanta tana ajiye kwafin lissafin wata a wani filashi da ban san asalinsa ba. Na roƙe ta ta ba ni aronsa gobe in gwada.

Mai shagon bai yi musu ba, ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya mayar da kuɗin. Na je da kaina wurin wani da muka daɗe muna ciniki, na karɓi 32GB guda uku masu USB 3.0 a kan naira 7,500 kowanne, bisa sharaɗin in gwada, in bai yi ba in dawo da shi. Duk ukun sun ci gwaji.

Talata, 2 ga Satumba

Filashin Hajiya lafiya yake, alhamdu lillahi.

Na sa yaron ya fara haɗa filashin girkawa da hannu don ya ga inda gizo ke saƙar. Ya yi fomatin zuwa FAT32, wanda kowace UEFI ke iya karantawa, ya buɗe ISO ya fara kwafa. Da aka zo kan install.wim da ke cikin foldar sources sai kwafin ya tsaya, saboda FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, wannan kuwa ya wuce. Mafita biyu ce. Ko a tsaga fayil ɗin da umarnin Dism /Split-Image zuwa gutsattsarin swm, ko a bar wa Rufus, manhajar haɗa filashin girkawa, wanda ke yin babban ɓangare na NTFS ya ƙara wani ɗan ƙarami a ƙarshe da ke taimaka wa UEFI karanta shi. Mun bi ta Rufus: GPT, UEFI, NTFS. Ya tashi a kwamfutar gwaji ba tare da an kashe Secure Boot ba.

Kafin Rufus ya fara rubutu yana kawo wani akwati mai zaɓuɓɓuka, ciki har da cire sharaɗin TPM da Secure Boot da ram. Na cire alamar duka.

Alhamis, 4 ga Satumba

Zama da Alhaji a kan kwamfutoci taran nan. Wani ɗan uwansa ya gaya masa ai ana iya tura musu Windows 11 da ƙarfi, lasisi ma akwai na bayan fage kyauta. Na ce, "Ranka ya daɗe, turawar gaskiya ce, ana yi, kuma za su tashi. Amma Microsoft da kanta ta ce kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Mu kuma don sabuntawar muke wannan wahala." Maganar lasisin bayan fage kuwa na ce ba zan sa hannuna a ciki ba. Wanda ke tsoron ɓarawo ba ya sauke manhajar da bai san mai ita ba ya ba ta cikakken iko a kwamfutar da ake shiga banki da ita. Kuma ba ma buƙatarsa: kwamfutar da ke da halastaccen Windows 10 tana karɓar Windows 11 irin bugunta kyauta, Pro zuwa Pro, Home zuwa Home.

Na kuma kawo masa hanyar biyan kuɗi don tsawaita tsaron Windows 10, wadda ake kira ESU. Ga kamfanoni dala 61 ce kowace kwamfuta a shekarar farko, shekara ta biyu ta ninka, ta uku ta sake ninkawa. Ya danna a kalkuleta ya ajiye.

Abin da muka tsayar: tebura 12 ne kawai ke da manhajar da dole sai Windows, wato lissafi da rasit da albashi. Za a kai masu ƙarfi can. Takwas daga cikin tsofaffin za su koma Linux Mint 22, wani tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, wanda ke da tallafi har 2029, a teburan da aikinsu bai wuce wasiƙa da imel da burauza ba. Ta taran ita ce ta sikelin Kawo, zan duba ta daban.

Gobe hutun Mauludi.

Talata, 9 ga Satumba

Na rubuta autounattend.xml na ajiye a bakin filashi, inda mai girka Windows ke nemansa da kansa. Shi ke amsa tambayoyin da ke cin lokaci: harshe, ƙasa Najeriya, agogon W. Central Africa Standard Time, amincewa da sharuɗɗa, da buɗe asusun cikin gida na mai kula da kwamfuta. Na ƙara allon madannai na Hausa a kan na Ingilishi, saboda takardun da muke raba wa manoma a riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata.

Abu ɗaya na ƙi miƙa wa fayil ɗin, shi ne zaɓen faifai. Ana iya umartarsa ya goge Disk 0 ba tambaya, da yawa ma haka suke yi don sauri. Amma kwamfutocinmu uku suna da faifai biyu, kuma a ɗaya daga cikinsu da na duba da diskpart, faifan da ke ɗauke da hotunan rasit na shekaru shi ne Disk 0, na Windows kuma Disk 1. Filashin da ke goge faifai da kansa, in wani ya manta shi a jikin kwamfuta aka kunna da safe, shi ke nan. Gara mutum ya tsaya ya karanta girman faifai ya zaɓa da hannunsa.

Na yi tunanin shirya kwamfuta ɗaya tsaf, in yi mata Sysprep don ta kwafu, in ɗauki hotonta, wato kwafin faifanta gaba ɗaya, da manhajar Clonezilla in riƙa bugawa a sauran. Da iri ɗaya ne da haka zan yi. Namu kuwa tarkace ne, an saye su a lokuta daban-daban, yawanci na hannu. Girkawa daga tushe da foldar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows gane kayan kwamfuta, ta fi dacewa da mu.

Laraba, 10 ga Satumba

Tara direbobi. A kowane samfuri na sa pnputil /export-driver tun Windows 10 yana kai, na adana a folda mai sunan samfurin. Sai foldar manhajoji: burauza, mai karanta PDF, 7-Zip, direbobin firinta biyu.

Juma'a, 12 ga Satumba

Gwaji a laftof mai Intel zubi na 11. Filashi ya tashi, komai na tafiya, da aka zo wurin zaɓen faifai sai allo fayau, babu faifai ko ɗaya. Yaron ya ɗauka SSD ɗin, wato faifan ajiya mai sauri, ya mutu. Bai mutu ba, don BIOS yana ganinsa. A irin waɗannan laftof faifan yana bayan wani tsari da ake kira VMD, sai an ba mai girkawa direban Intel RST kafin ya gan shi. Na sauko da shi daga shafin masu laftof ɗin, na warware shi a folda a cikin filashi, na danna Load driver na nuna masa wurin. Nan take faifai ya bayyana. Ana iya kashe VMD a BIOS a huta, amma na fi son a bar saitin yadda ya zo. Laftof uku ke da wannan hali, na ƙara jan layi a tef ɗinsu, na kuma rubuta matakin a takardar jagora.

Laftof biyu sun girka Home da kansu ba tare da tambaya ba, don lasisin da ke cikin BIOS ɗinsu na Home ne. Za su zauna a haka, ba a teburin kuɗi suke ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Kwashe bayanan mutane kafin gogewa. Wannan ya fi haɗa filashi wuya nesa ba kusa ba. Kowa ka tambaya sai ya ce ba shi da komai sai abin da ke Documents, in ka zauna kusa da shi sai ga fayiloli a Desktop, a Downloads, a faifan D, ga kalmomin sirri da burauza ta riƙe masa shekara da shekaru shi kansa ya manta su, ga tsohon fayil ɗin pst na Outlook. Na buga takarda mai layi bakwai, kowa zai duba da idonsa cewa kayansa sun shiga faifan ajiya na waje, ya buɗe fayil biyu ko uku daga can, sannan ya sa hannu.

Hajiya ta ce, "Malam, ni dai kada a taɓa min kwamfuta sai na rufe lissafin Satumba." Gaskiyarta. Sashen kuɗi ya koma ƙarshen layi.

A kwamfutar sakatariya mun ci karo da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayilolin filashi ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Daga yau doka: filashin girkawa ba ya shiga kwamfutar da tsohon Windows ke kunne a kanta. A kashe, a soka, a kunna, a danna madannin butin. Na ɗaura wa na Windows jan zare, na Linux kore, na ukun kuma kwafin na Windows ne, yana kulle a durowa.

Laraba, 17 ga Satumba

Kwamfutoci 3 sun koma Windows 11. Mai SSD tana gamawa cikin kusan minti 20, mai tsohon faifai mai juyawa ta haura awa ɗaya, bayan an gama ma tana jan ƙafa. Na nuna wa Alhaji su biyun gefe da gefe, ya amince a sayi SSD 256GB guda 6 a kan naira 27,000, da ram 8GB guda 3 a kan naira 16,000.

Alhamis, 18 ga Satumba

An ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, UPS ɗin teburin bai riƙe ko daƙiƙa goma ba, kafin a tada janareto kwamfuta ta mutu. Babu asara tunda bayanai suna waje, an sake daga farko. Batirin UPS sabo naira 18,000. Yanzu duk girkawa a teburina ake yi, a kan layin inbata.

Wata kuma ta gama lafiya amma ta ƙi buɗe shafuka, ta ƙi tabbatar da lasisi. Agogonta ne ya koma shekarun baya, don ɗan batirin CR2032 da ke kan allon uwa ya mutu, shafuka masu tsaro kuwa ba sa yarda da kwanan wata da ya kauce. Batirin da ya mutu yana kuma iya mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga masana'anta, PTT ɗin da muka kunna ya sake kashewa. Na sayi guda 10 a naira 5,000, duk wadda muka buɗe sai mun sauya mata.

Litinin, 22 ga Satumba

Guda 4 yau. Na kunna Delivery Optimization a kan na'urorin cikin ofis kaɗai, don in ɗaya ta sauke sabuntawa sauran su ɗiba a wurinta. Data ta ɗan huta.

Laraba, 24 ga Satumba

Ɓangaren Linux. A koren filashi na sa Ventoy, wanda ake girkawa sau ɗaya sannan a riƙa jefa fayilolin ISO kamar kowane fayil. Na zuba Linux Mint bugun Xfce saboda tsofaffin, da Clonezilla, da MemTest86+ na gwajin ram. A masu Secure Boot karon farko yana kawo shuɗin allo yana neman a yi rajistar mabuɗinsa, sau ɗaya ne a kowace kwamfuta.

Mint ya ga babbar firinta ta kan layin ofis da kansa. Ƙorafin farko daga sakatariya ya zo: wasiƙun da aka rubuta da salon haruffa na Calibri sun zame a LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Mint, sa hannun manaja ya faɗa shafi na biyu. Na girka Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, shafi ya koma mazauninsa. Na ce mata duk takardar da za ta fita waje ta riƙa mayar da ita PDF. Zuwa la'asar ta daina nemana.

Asabar, 27 ga Satumba

Kawo. Uku sun tafi lami lafiya. Ta sikeli tana haɗe da ma'aunin buhuna ta tsohuwar kafar siriyal, manhajarta kuma wanda ya kawo ta ya daɗe da barin harkar. Za ta zauna a Windows 10, amma na zare mata wayar intanet, na kashe Wi-Fi, na ɗauki hoton faifanta gaba ɗaya da Clonezilla. Magatakardan sito zai riƙa buga rahoton awo a takarda kullum. Ban so haka ba, amma kaka ta kusa, ba lokacin wasa da sikeli ba ne.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Microsoft ta fitar da 25H2, sabon bugun Windows 11, ranar 30 ga Satumba. Ba zan sauya filashi ana tsakiyar aiki ba. Wanda ke hannu an gwada shi, 24H2 yana da tallafi har Oktoban 2026, kuma daga shi zuwa 25H2 ƙaramar sabuntawa ce.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yaron ya tafi Zariya shi kaɗai da filashi biyu, faifan ajiya, da takardar jagora mai shafi biyu. Biyu Windows, biyu Mint. Kira ɗaya ya yi, a kan wata da ta ƙi nuna filashi a jerin butin. Kafin in ba shi amsa ya ce, "Oga bari, na mayar da shi kafar baya, ya fito." Kafofin gaba na wannan akwatin sun saki. Ya dawo bayan magariba da takardu huɗu masu sa hannu. Na ba shi biro ya ƙara wannan a jagorar da hannunsa, a matsayin mataki na uku.

Mota da abinci, haɗe da man janareto na makon jiya: naira 25,000.

Laraba, 8 ga Oktoba

Hajiya ta rufe lissafi, sashen kuɗi ya shigo hannu. Kwafi biyu na yi wa bayanan manhajar lissafi, a wurare biyu. Bayan girkawa ta zauna ta buɗe rahoton Satumba, ta bi jimillar da yatsa tana kwatantawa da wadda ta buga a takarda tun kafin a fara, sannan ta sa hannu. Laftof masu Pro da ke fita da ma'aikata na kunna musu BitLocker mai kulle bayanan faifai, na buga mabuɗin ceto mai lamba 48 na kowace, na sa a ambulan, suna cikin sef ɗinta.

Talata, 14 ga Oktoba

Windows 11 guda 14, Linux Mint guda 8, Windows 10 guda 1 ba intanet. Kuɗin da aka kashe: filashi 22,500, SSD 162,000, ram 48,000, batirin UPS 18,000, ƙananan batura 5,000, data 30,000, mota da mai 25,000. Jimilla naira 310,500.

Saura: firintar rasit ta Zariya tana yanke layin ƙarshe a Mint, zan je ranar Asabar in duba saitin girman takarda. Cikin Nuwamba zan sake haɗa jan filashi da ISO na 25H2, in gwada shi a laftof mai VMD kafin ya maye gurbin na durowa. Zan nemi farashin sabuwar manhajar sikeli in kai wa Alhaji bayan kaka. Kafin hunturu ya shigo da ƙura kuma za mu buɗe akwatunan Kawo mu busa su, fankar biyu daga ciki ta fara ƙara.